Kabarin da Aka Auna da Tsawona

A shekarar da aka yi zaɓen shugaban ƙasa aka soke shi, da tsakiyar damina, aka kawo gawar taubashina daga yaƙin Laberiya. Na riƙe shekarar ne saboda a lokacin ba a son ganin kakin soja a gari. Man fetur ya yi wuya, ma'aikata suna shiga yajin aiki suna fita, duk majalisar da ka zauna a unguwarmu ta Kwarbai, cikin birnin Zariya, maganar sojoji ake yi, kuma ba ta alheri ba. Mu kuwa a cikin wannan hali muka wayi gari muna ta leƙen hanya, muna Allah-Allah motar soja ta iso.

Shi ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata. Gidansu yana Kusfa, namu yana Kwarbai, watanni ne tsakaninmu a haihuwa. Makarantar allo ɗaya muka yi a Limancin Kona. Da muka sauke, ni na zauna na kama littattafai, shi kuma zama ya gundure shi, ya je barikin horar da kurata ya ba da sunansa. Kawu maɗinki ne mai aikin wuyan riga, a ganinsa ɗan cikin ganuwa ko dai malami ko mai sana'a ko ma'aikacin ofis. Ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarsa, daga baya ya haƙura. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, bawa yake kirana a wasanmu na taubasai. Ni kuma kurtu nake ce masa, har bayan ya sami igiya biyu.

Akwai wani abu a tsakaninmu da ya fi wasa. Shekaru tara kafin nan mahaifina ya rasu ina Sakkwato wajen wani malami ina kwafar littafi. Bayan asuba ya cika, kafin hantsi ya ɗaga an rufe shi, kamar yadda muke yi. Ni ne babban ɗansa namiji, ni ya kamata in shiga kabari in karɓe shi in kwantar da shi. Ban iso ba sai ranar sadakar uku. Taubashina, da ya sami izinin fita daga bariki a ranar, shi ya shiga a madadina. Shi ya juya shi gabas, shi ya kwance ƙullin likkafani, shi ya jera itace. Abin ya daɗe yana cin raina, ya kuwa lura, sai ya mai da shi wasa don ya sauƙaƙa mini.

"Bawa, ka san ina bin ka bashi?"

"Na me, kurtu? Kai da ka ari takalmina ba ka mayar ba?"

"Aikinka na yi maka. Da sabon kakina na shiga rami, sai da saje ya sa ni tsallen kwaɗo saboda jar ƙasa."

"To in biya ka da me?"

"Ranar tawa kai za ka shiga. Kuma ka bi a hankali, na san hannun nan naka bai saba ɗaukar abin da ya fi alƙalami nauyi ba."

Tun daga ranar bai bar maganar ba. In ya zo hutu sai ya tuna mini, in muka haɗu a wajen suna ko ɗaurin aure sai ya nuna ni ga jama'a ya ce ga mai bashinsa. Da aka tura su Laberiya yakan aiko wasiƙa da ajami, domin Kawu ba ya karanta boko. Idon Kawu ya riga ya yi rauni saboda shekarun allura, ni nake zuwa Kusfa in karanta masa. Rubutun kurtu kuwa kamar kaza ta taka tawada. Bayan gaisuwa da labarin ruwan sama da ba ya tsayawa da shinkafar da ta ishe su, ƙarshen kowace wasiƙa ɗaya ne: a gaya wa bawa kada ya manta. Kawu sai ya girgiza kai ya ce, "Ku ba ku da wasa sai na mutuwa." A amsar ƙarshe da na aika masa na rubuta cewa in ya mutu a dajin da ba a san gabas ba, ai bashi ya faɗi. Ban sani ba ko ta same shi.

Ranar wata Talata sojoji biyu suka zo a kan babur suka yi sallama da Kawu. Suka ce ya rasu makonni da suka wuce, gawarsa tana Legas, za a iso da ita ranar Alhamis da hantsi. Kawu ya yi salati, ya ajiye allurarsa a cikin gwangwaninta, ya tambaye su abu ɗaya, ko an yi masa wanka. Suka ce ba su sani ba, takarda kawai aka ba su.

A wajenmu ana haƙa kabari ne yayin da ake wankan gawa. Sai a sami kara a auna mamacin, tsawo da faɗin kafaɗa, a aika wa masu haƙa. Su yi babban rami a sama, sannan a tsakiyarsa su yi ƙarami daidai jikin mutum, inda za a kwantar da shi a gefen dama. Da safiyar Alhamis tsohon da ke shugabantar haƙa a unguwar, wanda ya yi shekaru yana wannan aiki don Allah, ya zo zauren Kawu da karan dawa da ya zaro daga wata danga. Ya tsaya yana juya shi a hannu, don babu wanda zai auna.

"Wa ya kai shi tsawo a dangi?"

Duk aka juyo aka dube ni. Kowa ya san rigar sallarmu ɗaya take yi mana, mun sha yin musaya.

"Malam, tashi ka jingina da bango," in ji tsohon. "Cire hular. Ba da hula ake shiga ba."

Na tashi na jingina. Ya kafa karan a ƙasa kusa da diddigena, ya karya shi daidai tsakar kaina, sannan ya gitta guntun a kafaɗuna. Na ji sanyin bangon ya ratsa rigata. Ya lura da fuskata, ya ce, "Kwantar da hankalinka, aro kawai muka yi. Naka yana nan, ba mai taɓa maka." Mutanen zaure suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, har Kawu ya murmusa. Tsohon ya tafi da karansa da mutanensa, kafin hantsi suka aiko cewa sun gama, sun sare itace, sun kwaɓa ƙasa. Aka ɗauko makara daga masallaci aka jingine a ƙofar gida, aka tanadi likkafani da turare da ruwan wanka ko da za a buƙata.

Hantsi ya wuce, aka yi azahar, babu labari. Sai dab da la'asar muka ji ƙarar babbar mota ta tsaya a bakin titi, don lungun gidan Kawu ba ya ɗaukar mota. Jama'a suka fito ƙofofin gidajensu. Waɗanda jiya suke zagin sojoji a majalisa suka miƙe tsaye. Matasanmu suka ruga da makara, sai suka yi cirko-cirko a bayan motar. Sojoji shida ne suka sauko da wani dogon akwati na katako mai kauri, an lulluɓe shi da tutar ƙasa, an ɗora hular soja a gefe ɗaya. Suka saɓa shi a kafaɗa suka shigo lungu da wata irin tafiya a hankali, ƙafa ɗaya ta tsaya kafin ɗaya ta ɗaga, cikin taɓon damina, ba wanda ya dubi inda yake takawa.

Ba wanda ya kawo maganar akwati a ransa cikinmu, daga Liman har mai haƙa. Mun sha ganin irinsa a talabijin, amma mun ɗauka namu zai zo mana yadda mamatanmu suke zuwa. Tsohon ya matso ya dubi faɗin akwatin, ya dube ni, ya ce a hankali, "Wannan ko rabinsa ba zai shiga ba."

Cikin gida ma bai shiga ba. Ƙofar zaure ta karɓe shi da ƙyar, amma ƙofar da ke shiga cikin gida tana gefe, akwatin ya ƙi juyawa. Aka ajiye shi a zaure, maza suka fita, Inna mahaifiyarsa ta fito da mayafinta. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ta ta dafa katakon tana cewa ta yafe masa duniya da lahira, ta yafe masa nonon da ya sha, Allah ya sa ya huta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya ta ina kansa yake, aka nuna mata wajen hular, ta koma can ta sake dafawa, sannan ta shige.

Muka zauna a zaure, Kawu da Liman da tsohon mai haƙa da ni. Shugaban sojojin wani kyaftin ne matashi, mutumin kudu, Hausarsa ta bariki ce, sai wani saje mutumin Borno yake cike masa. Kyaftin ya durƙusa ya gai da Kawu, abin da ban yi zato ba. Kawu ya maimaita tambayarsa ta ranar Talata. Saje ya ce, "An yi masa, Baba. Ni da limamin rundunarmu muka yi masa, da hannuna na ɗaura likkafanin." Kawu ya ce alhamdulillahi, ya daɗe kansa a sunkuye.

Da aka zo maganar buɗe akwati kyaftin ya ce, "Baba, oda ne. Ba a buɗewa. Da shi za a rufe." Ya ce kuma akwai girmamawar da dole su yi a bakin kabari, a busa ƙaho, a harba bindiga, a naɗe tuta a miƙa wa uba. Liman ya ce akwatin dai lalura ce, shari'a ba ta matsa ba, sai a faɗaɗa rami a sa shi haka. Amma bindiga a tsakiyar kaburbura, wannan ba zai yarda ba, mutanen da ke kwance a wurin suna da haƙƙi. Tsohon ya leƙa waje ya ce hadari yana haɗuwa a gabas, in za a faɗaɗa a gaya masa yanzu. Kawu ya ce duk yadda malamai suka gani.

Na ga magana tana neman ƙarewa a kan haka. Za a zura akwatin da igiya, ba wanda zai shiga, ba wanda ya san ko fuskarsa tana gabas ko tana kallon sama. Ni ba mai magana a gaban manya ba ne, amma na ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana." Na juya wajen saje na roƙe shi ya fassara wa kyaftin. Na ba da labarin rasuwar mahaifina, da wanda ya shiga a madadina, da abin da ya ce in biya shi da shi. Ban kai ƙarshe ba saje ya daina fassara, ya zuba mini ido.

"Kai! Ashe kai ne bawan?"

Na ce ni ne.

"Wallahi mun sha labarinka har mun gaji. Kullum in an yi zafi sai ya ce mu kwantar da hankalinmu, shi ba zai mutu a can ba, yana da bawa a Zariya da bai biya shi ba. Ya ce in ka ɗauki buhun gero faɗuwa kake."

"Sharri ne," na ce. "Sau ɗaya ne, kuma santsi ne ya ja ni."

Saje ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya sa hularsa ya rufe fuska. Da ya natsu ya yi wa kyaftin bayani mai tsawo da Turanci. Kyaftin ya saurara, sannan ya ce a gaya mini gaskiyar dalilin odar: an yi ta ne don a raba iyaye da ganin abin da ba za su iya mantawa ba, mutumin nan ya yi makonni a ɗakin sanyi da kan hanya. Liman ya ce ba wanda zai buɗe fuska, likkafanin da saje ya ɗaura shi ne suturarsa, da shi zai kwanta.

Kyaftin ya ciro takarda daga aljihu ya karanta ta a ransa har ƙasa. Ya ce abin da aka rubuta masa shi ne ya rako gawa, ya yi mata girmamawa cikakkiya, ya damƙa wa uba, uba ya sa hannu. Abin da ya biyo bayan sa hannu babu shi a takardar. Amma girmamawar ba zai rage ko ɗaya ba, don yaransa tare da mamacin suka yi yaƙi, abin da suka iya yi masa ke nan. Liman ya ja carbi biyu uku, ya ce akwai wani rimi a wajen shingen maƙabarta, in a can za a harba ba shi da ta cewa. Tsohon mai haƙa ya ce, "To ni na huta ke nan," ya aika a kira kafintan unguwa ya taho da gudumarsa mai cire ƙusa.

Aka yi la'asar, aka fito da akwatin ƙofar gida, hular tana daman Liman, aka yi masa salla. Sahu ya cika lungun har ya fita titi. Saje da sojoji biyu Musulmi suka shiga sahu da takalmansu, sauran suka ƙame a gefe. Daga nan sojoji suka ɗauka, mu muna biye da makara babu kowa a kanta, har muka fita ta ƙofar gari. Tafiyarsu ta yi mana nawa, mu da muka saba gaggawa da gawa, amma ba wanda ya ce a yi sauri.

A gindin rimin suka ajiye shi. Ɗaya ya busa ƙaho, wata busa mai ja wadda ban taɓa jin irinta ba. Saje ya yi tsawa, suka ɗaga bindigogi sama suka harba tare, sau uku. Balbelu suka tashi daga rimin gaba ɗaya, wasu tsofaffi suka toshe kunne suna salati, wani mai sayar da goro da ya biyo mu ya zauna daɓas a ƙasa. Sannan sojoji biyu suka ɗage tutar suka ninke ta a tsanake, kyaftin ya karɓa ya ɗora hular a kai, ya zo gaban Kawu ya sara masa, ya miƙa da hannu biyu. Kawu bai san yadda ake karɓa ba, sai ya buɗe hannun rigarsa kamar mai karɓar jariri. Aka kawo takardar, na riƙe masa ita a kan tafin hannuna, ya rubuta sunansa da ajami daga dama zuwa hagu, a hankali, yana kusanto da ido. Kyaftin ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ba yaransa umarni suka juya mana baya, suka fuskanci ganuwa, suka tsaya a haka.

Mutum huɗu suka tuɓe manyan rigunansu suka yi mana labule. Kafinta ya cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana tara su a bakinsa. Warin magani ya taso, Liman ya yayyafa turare. Likkafanin yana nan yadda saje ya ce, ya ɗan yi rawaya a wasu wurare. Muka ɗora shi a makara muka lulluɓe, sai ga shi ya koma kamar kowane mamaci na unguwarmu. Muka shiga maƙabarta da sauri irin namu, ana karɓa-karɓa, iska mai sanyi ta fara kaɗawa.

Na cire hula da riga da takalmi na miƙa wa na kusa da ni, na sauka. Ƙasar tana da danshi da sanyi a tafin ƙafa. Saje ya riƙe wajen kai, tsohon ya riƙe wajen ƙafa, suka miƙo mini shi. Na shirya wa nauyi, sai na ji bai kai yadda na sani ba. Na ce bismillahi, a kan tafarkin Manzon Allah, na sauke shi cikin ƙaramin ramin a gefensa na dama. Wurin ya ɗan yi masa yawa, ya nemi ya koma rigingine, tsohon ya miƙo mini hoge biyu na tokare masa baya da kafaɗa. Na lalubi ƙullin kai na kwance, na bi na tsakiya, na bi na ƙafa. Ƙullin saje irin na soja ne, sai da na sa farce na yi ta fama. Ban buɗe fuska ba. Ta saman ƙyallen na sa tafin hannu na gyara kansa har kumatunsa ya taɓa ƙasa. Na so in ce masa wani abu, ko da kurtu ne, sai addu'ar da aka koya mana tare a Limancin Kona ce ta zo bakina. Aka yi ta miƙo itace ina jerawa, aka miƙo ganye, aka miƙo kwaɓaɓɓiyar ƙasa na toshe duk wata kafa. Ɗigon farko na ruwa ya same ni a wuya ina kan na ƙarshe.

Saje ya miƙo hannu ya jawo ni. Aka tura ƙasa, Liman ya yi addu'a gajera saboda hadari, aka shafa. Jama'a suka fara watsewa suna gaisawa da sojojin da hannu. Kawu yana tsaye a inda na bar shi, tutar tana cikin rigarsa don kada ta jiƙe. Na je na durƙusa a gabansa, jar ƙasa har gwiwata.

"Ka kwance masa ƙullin?"

"Na kwance, Kawu, duka uku."

"Ka juya shi gabas?"

"Na juya shi."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Ya dafa kaina. "To shi ke nan, ka biya shi. Tashi ka sa rigarka, ruwa zai sauko."